Shekarar da Luba Ta Shayar da Godiya

Makon jiya Godiya ta dawo daga wani biki a Sakkwato. Ko ruwa ba ta sha ba, ta tsaya a kaina ina tankaɗe, ta ce, "Kaka, wai gaskiya ne kin taɓa barin addini?" Wata mata ce ta gaya mata a wurin rabon abinci, matar da Godiya ba ta san ko sunanta ba, amma ita ta san namu sarai. Na ajiye rariya. Shekara goma sha bakwai ke nan. Kaina ya yi fari, mijina ya tafi wurin Ubangiji, rabin waɗanda suka fara wannan magana suna ƙasa, amma maganar tana nan da ƙafafunta har tana zuwa biki. Shi ya sa na zauna rubutun nan. Ke Godiya jikata, da ku 'ya'yana Iliya da Tabita da kuka ga abin da idonku kuna yara ba wanda ya yi muku bayani, ku karanta. Ba zan sassauta wa kowa ba, har da ni kaina.

Mu ba 'yan Boɗinga ba ne asali. Daga ƙasar Zuru muka fito. Aikin malamin gona ne ya kawo babanku Bitrus nan, ina goye da Rifkatu, 'yar farina. Muka sauka a unguwar manoman albasa, katanga ɗaya da gidan Malam Buba, kuma a nan muka tsufa. Kiristocin garin ba mu da yawa, malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da masu shago, yau a kawo wannan gobe a ɗauke wancan. Mu da muka daɗe sai muka zama manya. Babanku dattijon ikilisiya ne, ni kuma shekara goma sha ɗaya ina shugabar zumuntar mata. Ni nake ɗaga waƙa, ni nake gaba in za mu gaisuwar mutuwa. Bari in faɗi laifina kafin in faɗi na kowa: na ƙware a gidan makoki. In na tarar da mace tana birgima, sai in dafa ta in ce ki yi haƙuri, nufin Allah ne, mai bi ba ya kuka haka, share hawayenki kada ki ba Shaiɗan dama. Sai ta haɗiye kukan, mu yi waƙa biyu, mu yi addu'a, mu fito ina jin na yi wa Ubangiji aiki. Allah kaɗai ya san matan da na toshe wa baki haka. A lokacin ban taɓa binne kowa nawa ba sai iyayena, su ma da tsufansu.

Godiya, uwarki Rifkatu tela ce, kuma mai taurin kai irina. Dariyarta ana jin ta daga bakin titi. Ta auri babanki Yohanna, malamin makaranta a Shagari, ta kafa kekenta a zauren gidansu, matan unguwa suna yi mata layi. Da cikinta ya tsufa na ce ta dawo gida ta haihu a gabana. Ta ce tana da ɗinkin amarya a hannu, in ta gama ranar Asabar za ta taho. Naƙuda ba ta jira Asabar ba. Ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, wayata ta yi ƙara. Yohanna ne, muryarsa kamar ba tasa ba.

"Mama, ta haihu, mace. Amma jini ya ƙi tsayawa. Sun ce mu wuce Sakkwato. Ki tsaya bakin titi, za mu ɗauke ki."

Na dama kunu na zuba a filas, na kwashi zannuwa, na fita ko takalmi ban sa daidai ba. Na tsaya kusa da tasha inda ake lodin buhunan albasa, na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Da ƙarfi na yi ta, masu lodi suna kallona, ban damu ba. Na tuna wa Allah duk Lahadin da ban fasa ba, duk azumin da na yi, duk gidan mara lafiyar da na taka. Na ce ya ɗauke ni ya bar ta. Na ce ba zan ƙara roƙonsa komai ba har in mutu. Can sai na hango motarsu, wata bas, tana tahowa a hankali, gabana ya faɗi, domin motar da ta ɗauko mai rai a hannun Allah ba ta tafiya haka. Direban, wani dattijo, ya tsaya a gabana ya kashe mota ya sunkuyar da kai yana salati. Yohanna yana kujerar baya, rigarsa jawur, kan Rifkatu a cinyarsa. Wata mata da ta rako su tana riƙe da jaririya a cikin mayafi. Tun kafin su ci rabin hanya Rifkatu ta cika. Na miƙa hannu na taɓa ƙafarta, da sauran ɗumi. Filas ɗin kunu yana ɗaya hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Washegari muka binne ta a maƙabartarmu ta Sakkwato. Matan zumunta suka zo cikin ankonsu. Da aka fara zuba ƙasa sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki, na buɗe baki zan kurma ihu. Laraba ta riƙe ni. Laraba ita ce magatakardar zumunta, aminiyata ta shekara ashirin, wadda ta yi mini wankan jego lokacin haihuwar Tabita. Ta matso kunnena.

"Mama Shugaba, ki daure. Mata suna kallonki. Abin da kika koya mana ke nan."

Na haɗiye. Ba haɗiyewa kaɗai ba, ni na ɗaga waƙa a bakin kabarin 'yata, muryata ba ta ko girgiza ba. Aka yi ta yabona a hanyar dawowa, wai ga mace mai bangaskiya. Har yau in na tuna waƙar nan sai in ji kunya da haushi. 'Yata ta cancanci kukan uwarta, na ba ta waƙa don kada mata su yi magana.

Kwanakin zaman makoki kowa ya zo da abin da zai faɗa. Wai Allah ya fi mu son ta. Wai ya tsinke furensa ne. Wani ya ce in gode tun da ina da wasu biyu, kamar 'ya'ya kwanuka ne, in ɗaya ya fashe a ci a ɗayan. Wata ta ce in bincika ko akwai wani abu daga gidan kakanninmu da ba a karya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, shekara ashirin da huɗu ana kirana Maman Rifkatu, kafin sati ya zagayo sai na ji an koma Maman Iliya, wai don kada a fama mini. Ba a tambaye ni ba. An binne ta, ana neman binne sunanta. Rana ta takwas Yohanna ya raɗa wa jaririya suna Godiya. A zuciyata na ce godiyar me.

Yohanna ya koma aiki Shagari, jaririya ta zauna a hannuna. Muka fara ba ta madarar gwangwani. Ta sha ta amayar. Ma'aikaciyar jinya ta ce a canza wata, muka canza, ta sha ta amayar, ga gudawa. Akwai masu jego biyu a zumuntarmu. Na aika wa ɗaya, mijinta ya ce a'a. Ɗayar ta ce nononta bai ishi nata ba. Daga baya na ji ainihin dalilin, wai jaririn da ya zo uwarsa ta tafi ba a san abin da ya zo da shi ba. Masu bi ke nan, masu zuwa sujada da littafi a hammata. Rana ta goma sha biyu maɗigarki ta faɗa ciki, Godiya, kukanki ya koma kamar na 'yar kyanwa. Ina zaune a tsakar gida da ke a cinya, na riga na fara tunanin wane zane za a naɗe ki da shi, sai Inna Hajo matar Malam Buba ta yi sallama. Tun ranar rasuwa kullum sai ta aiko da fura, amma ranar nan da kanta ta shigo. Ta buɗe zanen ta dube ki.

"Hannatu, mi ku ka ba ɗiyag ga?"

Na nuna mata gwangwani.

"Wagga ba ta shan wanga abu. Nono ta ka so. Luba na da nono, har zuba shi kai. Ba ni ita."

Luba matar ɗansu ce, yarinya 'yar shekara ashirin, tana goyon Nasiru mai wata huɗu. Na miƙa ki, sai Inna Hajo ta ɗaga hannu ta dakatar da ni.

"Tsaya in hwaɗa maki tun yanzu, kada gobe ki ce ba a hwaɗi ba. In tash sha, ta zama ƙanwar Nasiru har abada, babu aure tsakaninsu. Haka addininmu yac ce. Ban da wannan ba mu biɗar komi. Ɗiyakku ta."

Babanku yana bakin ƙofar ɗaki yana jin mu. Ya yi gyaran murya.

"Maman Rifkatu, kin san abin da za a ce."

"Su ce, Malam. Wanda zai ce, ya zo da nono a hannunsa."

Na kira Yohanna. Bai bari na gama ba, ya ce, "Mama, ko wace ce, in dai za ta rayu." Na bi Inna Hajo gidansu. Luba ta karɓe ki tana jin kunyata, ta juya mini baya ta gyara mayafi. Da farko ba ki da ƙarfin kamawa, sai da ta riƙa ɗiga miki a baki. Can muka ji kin kama. Ba ki yi amai ba. Luba tana kulle, ba ta fita, don haka da la'asar Malam Buba ya ɗauko diga da hannunsa ya fasa katangar da ke tsakaninmu, ya yi 'yar ƙofa wadda sai an sunkuya. Ita ce ƙofar da kuke gani har yau. Ta nan Luba take shigowa sau shida, sau bakwai a yini, Nasiru a baya, ke a gaba. Ita ta ce a kai ta asibiti a duba jininta don hankalinmu ya kwanta. Da azuminsu ya zo ta aika aka tambayi malaminsu, ya ce ta sha ta rama daga baya, tun da rai biyu take ciyarwa. Wata goma sha tara ta yi haka. Ba ta taɓa ɓata fuska ba, sai dai in kin cije ta ta ce, "Ke, 'yar Mama, ba a haka."

Sati uku da farawa, kumatunki sun fara fitowa, Laraba ta zo da wasu mata biyu. Na shimfiɗa musu tabarma. Idonsu yana kan ƙofar katanga.

"Mama Shugaba, magana ta yi yawa a gari," in ji Laraba. "Kin san nono yana tafiya da hali. An ce har tofi ake yi wa yarinyar a can. Ke shugaba ce. Me za mu gaya wa ƙananan mata?"

"Ki gaya musu yarinyar tana da rai."

"Ba faɗa muka zo ba. Mu dai muna ganin a dogara ga Allah a koma gwangwani. In ya nufa za ta rayu."

"Laraba, kwana goma sha biyu tana amai a gidan nan. Kun zo, kun yi waƙa, kun tafi. Wace ce a cikinku ta kwance zane ta ba ta nono?"

Suka tashi. Ranar Talata na je taron zumunta kamar kullum, domin har lokacin ban fasa ba ko sau ɗaya, sai na tarar an riga an shirya maganar ba da sanina ba. Laraba ta miƙe ta karanta daga takarda, cewa don kiyaye shaidar ikilisiya, ko in raba jaririya da wancan gida, ko in ɗan huta daga shugabanci har a ga hali. Mata kusan talatin, kowacce na san cikin ɗakinta, wasu ni na karɓi haihuwarsu, duk suka sunkuyar da kai suna kallon ƙasa. Na miƙe. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma na tuna wannan.

"Kun hana ni kukan 'yata, na yarda. Kun canza mini suna, na yi shiru. Yanzu kuna so in binne jikata don shaidarku ta yi kyau. Wace irin shaida ce ake ginawa a kan gawar jariri? Shekara goma sha ɗaya ina koya muku ƙaunar maƙwabci, ashe a ƙetaren katanga aka iya karatun."

Na kwance ɗankwalin anko na ninke shi na ajiye a kan benci, na yafa gyalena, na fita. Ba wadda ta biyo ni. Fastonmu na lokacin yaro ne, mai kirki amma matsoraci. Ya zo gida yana murza hannu, wai in dawo a sasanta. Na ce ya hau bagade ya faɗa a gaban kowa cewa ba laifi ba ne a ceci jariri. Ya ce a bi a hankali. Bai taɓa faɗa ba. Dattawa suka kira babanku suka ce ya tsawata wa matarsa. Ya ce musu matarsa ba ta yi laifi ba, sau ɗaya ya faɗa, da sanyin murya, sannan ya ci gaba da zuwa sujada yana zama benci ɗaya da su. Na yi wata biyu ban yi masa maganar kirki ba. Ku ma kun sha naku. Iliya, na san ana kiranka ɗan Hajiya a makarantar Lahadi, ka dawo da tsagaggen leɓe ka ce faɗuwa ka yi. Tabita, na san dalilin da ya sa kika bar ƙungiyar mawaƙa. Na gani, ban ce muku komai ba, domin ba ni da abin da zan ba kowa a lokacin. Wannan laifina ne, ku yafe mini.

To, ga amsar tambayarki, Godiya. Ban musulunta ba. Ba wanda ya taɓa ce mini in yi, ko da wasa. Ba a yi miki tofi ba, in ban da bisimilla da Luba take yi kafin ta ba ki, kamar yadda take yi kafin ta ɗora tukunya. Amma akwai abin da masu gulmar ba su sani ba, wanda ya fi nasu muni. Na daina yi wa Allah magana. Wata bakwai. Fushin da nake yi da Laraba ƙarami ne a kan wanda nake yi da shi. Laraba mutum ce, ba ta da ikon tsayar da jini. Shi yana da shi. Na tsaya a bakin titi na roƙe shi a gaban masu lodin albasa, ya bar motar ta zo a hankali. Da safe babanku zai tara ku addu'a, in zauna idona a buɗe ina kallon bango. In an ce amin, bakina a rufe. Na naɗe Maganar Allah a tsumma na tura ƙarƙashin akwati. Ban yi kuka ba ko sau ɗaya. Kukan da na haɗiye a maƙabarta ya zama dutse a ƙirjina, da shi nake wanki, da shi nake tuƙa tuwo. Na rame har zobena yana faɗuwa.

Mutum ɗaya ce daga majami'a ba ta daina zuwa ba, Kaka Saratu. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, idonta ɗaya ya mutu, ba ta iya karatu ba, kullum a bencin baya take zama. A shekarun shugabancina ban taɓa ba ta ko addu'ar rufe taro ba, domin ina ganin ba ta iya tsara magana ba. Duk ranar Juma'a da rana Keke Napep zai sauke ta a ƙofar gida. Ta shigo ta gaishe ni da Maman Rifkatu, ta zauna, ta jawo duk aikin da ta gani, ko tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa. Ba waƙa, ba aya, ba ki yi haƙuri. In Luba ta shigo su gaisa, ta karɓi Nasiru ta riƙe. La'asar ta yi ta tafi. Haka har damina ta sauka, har gero ya yi kai. Shirunta ya fara ba ni haushi. Wata Juma'a na kasa daurewa.

"Kaka, in wa'azi aka aiko ki ki yi mini, ki yi ki tafi."

"Ni? Wa zai aiko ni? Gyaɗa nake ɓara."

"To ki sani, ni da Allah mun raba hanya. Ba na son jin sunansa. Ya ci amanata."

Na zaci za ta toshe kunne. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kin gaya masa?"

"In gaya masa me?"

"Abin da kika gaya mini. Ni mai daddawa ce, me zan yi miki da shi? Shi ya yi miki, shi za ki je ki samu."

Na ce ai saɓo ne. Ta ajiye gyaɗar, ta juyo da idonta mai gani.

"Hannatu, shida na haifa, huɗu na binne. Na huɗun saurayi ne, an sa ranar aurensa. Shekara biyu kullum in na je itace sai na tsaya a daji na yi masa tas. Na ce masa mugu. Na ce masa kurma. Ga ni zaune, bai kashe ni ba. Ɗansa ma da ya je kabarin abokinsa kuka ya yi, ba waƙa ya ɗaga ba. A kan gicciye kuma da ƙarfi ya tambayi Ubansa dalili. Ke wa ya ce miki kin fi shi ƙarfi? Ranar da kika zo gidana gaisuwar saurayin nan, kika ce in share hawayena, na so in watsa miki ruwan daddawa."

Na ma manta na je. Kunya ta rufe ni. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta daɗe da yafewa, in miƙo mata tire.

Washegari da rana tsaka na bar ki wurin Luba, na bi hanyar Sifawa da ƙafa har na wuce gidaje, na shiga wata gonar gero da ta fi ni tsawo. Na tsaya. Da farko bakina ya ƙi buɗewa. Sai na ce, "Me ta yi maka?" Daga nan ban san inda maganar take fitowa ba. Na ce masa shekara ashirin da huɗu gare ta. Na ce ko nonon fari ba ta ba 'yarta ba, ko fuskarta ba ta gani da kyau ba. Na ce ya bar miyagu suna ƙiba ya ɗauki mai ɗinkin amarya. Na ce na yi masa bauta kamar jaka, ya bar ni tsaye a titi da filas. Na yi ihu har muryata ta dishe, na dunƙule ƙasa na yi jifa sama. Sannan kukan ya zo. Na faɗi tsakanin kunyoyi ina kiran sunanta, Rifkatu, Rifkatu, na yi birgimar da na hana matan mutane. Ban san tsawon lokacin ba.

Kada wani ya ƙara wa labarin nan gishiri bayan raina. Ban ji murya ba, ban ga haske ba, ba a ba ni dalili ba, har yau kuma ba a ba ni ba. Abin da na sani shi ne, na zazzage masa duk abin da ke cikina, mafi muni, kuma da na gama ban ji an kore ni ba. Kamar yaron da ya yi ta dukan ƙirjin uwarsa har ya gaji, ya ga hannunta yana nan a bayansa. Na tashi na kakkaɓe zane. Da na dawo na tarar Luba ta gama ba ki, kin yi barci da nono a gefen baki, Inna Hajo ta ajiye mini tuwo a rufe. Na cinye tas, rabona da haka tun bazara. Ina ci ina kallon ƙofar katangar nan, sai na ce wa Allah, da sauran haushi a bakina, "Wannan dai kai ne, na gani. Amma ba mu gama ba."

Ke Tabita, da ke Godiya, da duk macen da takardar nan za ta faɗa hannunta, ba na yi muku fatan irin ranata, amma mace ba ta gama duniya ba ta binne wani ba. In ta zo, ku yi kukanku. Kada ku bar kowa ya sa ku waƙa kafin lokacinta, ko fasto ne, ko ni ce. In kun ji haushin Allah ku kai masa shi da zafinsa, ya fi ƙarfin ya fashe. Shirun da na yi masa ne ya kusa kashe ni, ba faɗan ba. Kuma kada ku zaɓar masa hannun da zai aiko da taimako. In kun je gidan makoki, ku nemi tsintsiya ko tukunya, ku kama bakinku. Laraba ta rasu ba mu shirya ba. Sau biyu ta aiko a gaishe ni, ina jira ta zo da ƙafarta ta ce ta yi kuskure, ita kuma tana jira in sauko. Na je jana'izarta na yi kuka sosai, amma ba ta ji ba. Wannan ma yana cikin abin da shekarar ta ci mini, kuma rabinsa taurin kaina ne.

Lahadi ta biyu bayan gonar gero na yi wanka na goya ki, na bi babanku a baya. Ban sa anko ba, ban kuma ƙara sa shi ba. Da na shiga, kawuna suka juyo, aka fara raɗa. Wata ta matsa mini wuri a gaba inda na saba zama. Na wuce ta, na tafi bencin baya. Kaka Saratu ta janye sandarta ta ba ni wuri. Aka ɗaga waƙa, irin wadda na ɗaga a maƙabarta. Hawaye suna zuba, na bar su, ban share ba. Na sunkuya kunnenta.

"Kaka, har yanzu fa ina fushi da shi."

Ta laluba ta kamo hannuna ta riƙe gam.

"To zauna da abinki a nan," in ji ta. "Gidansa ne. Ya ji da kunnensa."